Trang ko Trat: Inda Ya Fi Dacewa a Huta a Gaɓar Tekun Tailan

Duk wanda ya taɓa yin kwana huɗu ko biyar a unguwar Pratunam ta birnin Bankok yana shiga shago yana fita, yana taya kaya yana lissafin nauyin abin da zai aika gida, ya san irin gajiyar da takan kama mutum a ranar da aka ɗaure kwali na ƙarshe. A irin wannan lokaci ne mutane kan fara tambayar inda za su je su miƙe ƙafa kafin ranar komawa, kuma amsar da aka fi ba su ita ce Fataya ko Fuket. Waɗannan wurare biyu suna da kyau irin nasu, sai dai wanda ya gudo daga hayaniyar Bankok zai tarar da wata hayaniyar tana jiransa a can, da kiɗa har asuba da kuma abubuwan da mai iyali ba zai so idon 'ya'yansa ya sauka a kansu ba. Akwai garuruwa biyu da suka fi su natsuwa nesa ba kusa ba, kowanne da tsibiransa a gefe, wato Trang da Trat. Sunayen sun yi kama har mai sayar da tikiti kan iya jin ɗaya a madadin ɗaya idan baƙo ya faɗa da baki, saboda haka ya fi kyau a rubuta sunan a takarda a miƙa masa, domin tsakanin garuruwan biyu akwai tafiyar da ta haura kilomita 1000.

Trat yana can ƙuryar gabas, a bakin Mashigin Tekun Tailan, kimanin kilomita 315 daga Bankok, kuma lardinsa ne ya yi iyaka da Kambodiya ta gefen teku. Trang kuwa yana kudu, a ɓangaren Tekun Andaman, fiye da kilomita 800 daga Bankok, ya ma fi kusa da Malesiya. Kowannensu hedikwatar lardi ne mai ɗauke da sunansa, kuma babu wanda yake zaune a kan yashin teku kai tsaye: daga Trat sai an yi kamar kilomita 17 zuwa Laem Ngop, daga Trang kuma sai an yi kamar 40 zuwa Pak Meng, ko a gangara Kantang da ke bakin kogi kusa da inda yake shiga teku. Ra'ayina tun daga farko shi ne, Musulmin da yake da mako guda a hannu zai fi samun abin da ya je nema a Trang, amma akwai mutanen da Trat ne ya dace da su, kuma dalilansu masu ƙarfi ne.

Dalili na farko shi ne hanya. Wanda ya nufi Trat zai iya shiga motar safa a tashar Ekkamai da ke Bankok da safe ya isa da rana, tafiyar awa biyar zuwa shida, a kan farashin da ba zai taɓa aljihu ba. Akwai kuma jirgin sama na kamfanin Bangkok Airways, wanda shi ne ma mai filin jirgin na Trat, yana tashi daga Suvarnabhumi, wato filin da jiragen ƙasashen waje suke sauka, ya isa cikin kamar awa ɗaya, sai dai kuɗinsa kan yi tsada tunda babu mai yin gasa da shi a wannan hanya. Tafiya Trang ta fi cin lokaci. Jiragen sama masu rahusa suna zuwa daga filin Don Mueang cikin kamar awa ɗaya da rabi, wanda ke nufin mai shigowa daga Adis Ababa ko Doha sai ya ratsa Bankok daga wannan fili zuwa wancan da kayansa. Jirgin ƙasa na kwana yana ɗaukar awa goma sha biyar zuwa sha shida, yana da gadaje masu labule da zanen gado mai tsabta, kuma ni a ganina shi kansa wani yanki ne na hutun, domin mutum yakan kwanta a cikin birni ya farka tsakanin gonakin roba da duwatsun farar ƙasa. Amma wanda kwana uku kacal suka rage masa kafin jirginsa na komawa gida bai kamata ya kashe biyu daga ciki a kan hanya ba. Irin wannan mutum Trat zai nufa, babu wata doguwar shawara.

Garuruwan su kansu sun bambanta a ɗabi'a. Trat ƙaramin gari ne da ake iya zagaye tsakiyarsa da ƙafa, yana da tsohuwar unguwa ta gidajen katako a bakin rafi, da kasuwar dare wadda mutanen gari suka fi baƙi yawa a cikinta, da wani man shafawa mai ruwan ɗorawa da ake haɗawa da ganyaye, wanda ake saye don ciwon jiki da cizon ƙwaro. Lardin na 'ya'yan itatuwa ne, kuma wanda ya je a watan Mayu ko Yuni zai ga duriyan da rambutan da mangostin jibge a bakin hanya. Tarihinsa ma yana da abin ji: Faransa ta riƙe Trat daga 1904, sai a ranar 23 ga Maris 1907 aka mayar da shi ga masarautar Siyam, wato tsohon sunan Tailan, bayan Sarki Chulalongkorn ya sallama wa Faransawa yankunan Battambang da Siem Reap da Sisophon, kuma har yau mutanen garin suna bikin wannan rana. A Laem Ngop akwai wurin tunawa da yaƙin ruwan da aka gwabza tsakanin jiragen Faransa da na Tailan kusa da tsibirin Ko Chang a ranar 17 ga Janairu 1941. Duk da haka, yawancin baƙi kwana ɗaya suke yi a Trat su wuce, kuma ba su yi kuskure sosai ba.

Trang ya fi girma da motsi, gari ne na 'yan kasuwa masu asali daga Sin, da shagunan shayi da gahawa da suke buɗewa tun kafin gari ya waye, da wasu 'yan kekuna masu ƙafa uku irin a-daidaita-sahu waɗanda mutanen wurin suke kira masu kan kwaɗo saboda siffar gabansu. Amma wurin da na fi so a ɓangaren tudu shi ne Kantang, mai tazarar kilomita ashirin da 'yan kai daga Trang, wanda shi ne hedikwatar lardin kafin a mayar da ita inda take yanzu. A nan ne gwamna Phraya Ratsadanupradit ya dasa itacen roba na farko a ƙasar a 1899, bayan ya kawo irin daga yankin Malaya, wato Malesiya ta yanzu, kuma daga wannan dashe ne aka samu sana'ar da ta mai da Tailan babbar mai fitar da roba a duniya. Gidansa na katako yana nan an mai da shi gidan tarihi. Tashar jirgin ƙasa ta Kantang, wadda aka buɗe a 1913, ita ce ƙarshen layin dogo a gefen Andaman, ƙaramin gini ne na katako mai fenti ruwan ɗorawa, jirgi ɗaya yake isa can a rana, kuma idan ya sauke fasinjojinsa sai wurin ya koma tsit har mutum ya riƙa jin kukan tsuntsaye daga bakin kogi.

Yanzu ga batun da ya fi kowanne nauyi a wurina, wato ci da salla. A nan akwai abin mamaki, domin garin Trang kansa ya yi suna a duk faɗin ƙasar da gasasshen naman alade, ana cin sa da safe tare da 'yan ƙananan abincin Sinawa da ake turarawa a kwanduna, kuma mafi yawan waɗannan ma da alade a ciki. Musulmin da ya shiga shagon karin kumallo a tsakiyar Trang ba tare da lura ba zai iya shiga matsala. Amma da zarar an bar gari an nufi teku sai al'amari ya juya: ƙauyukan masunta da ke gaɓar, da tsibiran Ko Muk da Ko Libong da Ko Sukon, mafi yawan mazaunansu Musulmi ne. Za a ga mata da lulluɓi suna soya roti, wata irin gurasa, a bakin hanya, awaki suna yawo tsakanin gidaje, yara suna dawowa daga makarantar allo irin tasu da yamma, ladan kuma yana kira sau biyar ana jin sa har bakin ruwa. A irin waɗannan ƙauyuka mutum ba ya bukatar ya yi ta tambaya kafin ya sa loma a baki. Akwai shinkafa da kaza da ake dafawa da kurkur wadda suke kira khao mok kai, mai kama da dafa-duka, akwai miyar masaman mai gyaɗa da dankali wadda ba ta da yaji sosai, sannan ga kifi da jatan lande da ƙaguwa da aka fito da su daga ruwa a safiyar ranar.

A Trat Musulmi 'yan tsiraru ne, amma suna nan. A kan hanyar Laem Ngop akwai ƙauyen Ban Nam Chiao, inda Musulmi masu asali daga ƙabilar Cham suke zaune tare da mabiya addinin Buda da 'yan asalin Sin shekara da shekaru, suna da tsohon masallaci a bakin rafi, kuma an san su da saƙa wata hular ganye mai faɗi kamar malfa da manoma da masunta suke sawa. Wanda ya ratsa ta nan ranar Juma'a zai samu jam'i da abinci mai kyau. Matsalar tana tsibiran ne. A Ko Chang ana samun wuraren cin abinci na halal amma sai an nema, a Ko Mak da Ko Kut kuwa mutum zai fi dogara ne da kifi da ƙwai da kayan lambu, yana kuma tambayar da wane mai aka soya, a wane kasko. Kalmomi kaɗan suna taimakawa: mu shi ne alade, kai kaza, pla kifi, idan aka ce mai ao mu ana nufin ba na son alade. A shagunan zamani kuma a duba tambarin halal na Majalisar Musulunci ta ƙasar a jikin ledar abinci, domin yana kan kayayyaki da yawa. Wani abu da kan rikitar da Bahaushe a ranar farko, ko a Trat ko a Trang, shi ne alƙibla: mu da muka saba fuskantar gabas, a Tailan yamma ake fuskanta tare da ɗan karkata arewa, saboda haka a yawancin gaɓar Trang mai sallar magariba yana kallon inda rana ta faɗa cikin teku ne.

Idan aka zo kan tsibirai, na Trang ƙanana ne kuma suna kusa da juna, ana tsallakawa daga wannan zuwa wancan a cikin dogon kwalekwalen katako mai injin mota a baya, wanda doguwar sandar farfelarsa ta sa ake kiransa mai dogon wutsiya. Ko Muk, wato tsibirin lu'ulu'u, shi ne ya fi dacewa a yada zango. Daga tashar Khuan Tung Ku tafiyar kamar rabin awa ce. Yana da ƙauye na gaske mai gidaje a kan turaku, da masaukai daga masu arha har masu tsada, babu motoci sai babura masu akwatin fasinja a gefe. Da asuba, idan teku ya janye, ruwan kan ja baya da nisa a gefen gabas har kwalekwale su kwanta a kan laka, sai a ga mata sun fito da bokitai suna tonon ƙwanso, ƙananan ƙaguwa kuma sun cika yashi da 'yan ƙwallaye kamar an watsa gero. Wannan janyewa tana nufin ba kowace sa'a ake yin wanka a wannan gefe ba, abin da ya kamata mai kama ɗaki ya sani kafin ya biya.

Abin da ya fi jawo mutane Ko Muk shi ne kogon Morakot, ma'ana kogon zumurrudu. Babu hanyar shigarsa ta ƙasa. Kwalekwale yakan tsaya a gindin wani dutse mai tsayi, a sa wa kowa rigar da ke hana nitsewa, a shiga ruwa a bi wani rami mai tsawon kamar mita 80, wanda tsakiyarsa duhu ne ƙirin, ba a ganin komai sai fitilar da jagora ya ɗaura a goshi, ba a jin komai sai ruwa yana bugun dutse yana amsa kuwa. Can sai haske ya fara bayyana kore shar a ƙarƙashin ruwa, mutum ya fito ya tarar da kansa a wani ɗan fili mai farin yashi da itatuwa, duwatsu sun kewaye shi ta ko'ina, sama kawai ake gani. Wanda bai iya ruwa ba zai iya shiga idan ya riƙe igiya ko rigar na gabansa, haka ake jan jama'a a jere, amma ina ba da shawara da babbar murya cewa kada a tilasta wa yaro ko babban da ke tsoron duhu, kuma kada a shiga ba jagora. Lokacin shiga yana bin cikar teku ne, domin idan ruwa ya cika sosai bakin ramin kan matse. Wanda ya kwana a Ko Muk yana da wata dama da masu zuwa daga nesa ba su da ita, wato ya je da sassafe kafin manyan jiragen 'yan yawon buɗe ido su iso.

Ko Kradan, wanda ke cikin gandun Hat Chao Mai, wani yanki da gwamnati ta keɓe tana karewa tun 1981, shi ne mafi kyawun yashi da ruwa a yankin, har wani shafin intanet da ke jera gaɓoɓin teku ya sa shi na ɗaya a duniya a 2023, abin da ya ƙara masa baƙi. Ana ganin murjani da kifaye masu launi daga 'yan taku kaɗan da bakin ruwa. Sai dai babu ƙauye, babu masallaci, babu kasuwa, komai daga tudu ake kawo shi kuma farashinsa ya nuna hakan, don haka ya fi kyau a je a wuni a dawo. Ko Ngai ma haka yake, ko da yake a tsarin mulki yana ƙarƙashin lardin Krabi. Ko Sukon na manoma ne, da bauna da kankana da gonakin roba, ya dace da mai son hawan keke a wurin da babu mai gaggawa.

Ko Libong ne mafi girma a tsibiran Trang, kuma shi ne wanda na fi jin ya kamata Bahaushe ya gani, ko da yake yashinsa bai kai na Kradan fari ba. Ana isa can daga tashar Hat Yao cikin ƙasa da rabin awa, a kwalekwalen da mutanen gari suke shiga da buhunan shinkafa da baburansu. A cikin ciyawar da ke ƙarƙashin ruwan da ya kewaye shi ne dugon yake kiwo, wata dabbar ruwa mai shayarwa wadda 'yar uwar ayu ce, ayun da muka sani a kogin Binuwai da Neja, sai dai wutsiyar dugon a rabe take kamar ta kifi. Yankin Libong ne ya daɗe yana riƙe da mafi yawan dugon na ƙasar. A nan aka yi renon wata jaririyar dugon da aka sa wa suna Mariam a 2019, wadda dukan ƙasar ta bi labarinta, ta kuma mutu a watan Agustan shekarar aka sami tarkacen leda a cikinta. A 'yan shekarun nan ciyawar ta lalace ƙwarai, wasu dabbobin sun mutu, wasu sun ƙaura zuwa wasu gaɓoɓi, don haka duk mai kwalekwalen da ya yi alkawarin lallai sai an gani ya faɗi abin da ba ya hannunsa. Akwai hasumiyar kallo a ƙarshen gadar ƙauyen Batu Bute, inda ake zama a yi shiru a jira. Ko ba a ga komai ba, zaman wurin da la'asar, ana kallon masunta suna gyaran koma har a kira magariba, ya isa dalilin zuwa.

Tsibiran Trat wani fasali ne daban: manya ne, kuma kowanne ya ishi mutum zama ba sai ya tsallaka wani ba. Ko Chang, tsibirin giwa, yana cikin manyan tsibirai uku na ƙasar, dutse ne da kurmi, ƙololuwarsa ta haura mita 700, kuma mafi yawansa yana cikin gandun da aka kafa a 1982. Babban jirgin fito mai ɗaukar motoci yana tashi daga Ao Thammachat ya tsallaka cikin kamar minti 30 zuwa 45, ba ya girgiza sosai, abin da yake da muhimmanci ga tsoho ko mai juna biyu ko wanda bai taɓa hawa ruwa ba. Akwai bankuna, da manyan shaguna, da asibiti, da matsirgai a cikin kurmi. Amma wanda ya ce natsuwa yake nema sai ya zaɓi wurin saukarsa da kyau, domin gefen yamma, musamman Hat Sai Khao da wurin da ake kira Lonely Beach, cike yake da mashaya da kiɗan dare, gefen gabas da ƙauyen Salak Phet ne suke da shiru, su kuma ba su da yashi mai kyau. Hanyar tsibirin tana da hawa da gangara masu tsanani da kwane-kwane masu kaifi, ana kuma tuƙi ta hannun hagu, kuma baƙi da yawa sun ji rauni a kan baburan haya. Ko wanda ya ƙware da babur a gida, gara ya shiga motar a-kori-kura mai benci biyu da suke kira songthaew.

Ko Mak ƙarami ne kuma shimfiɗaɗɗe, gonakin kwakwa da roba ne, ana zagaya shi da keke, kuma yana da shirun da ake nema, illa dai wasu ƙananan ƙudaje na cikin yashi masu cizo da kan bar ƙaiƙayi na kwanaki. Ko Kut, wanda ake zuwa daga tashar Laem Sok cikin awa ɗaya zuwa ɗaya da rabi, shi ne wanda zai iya karawa da Kradan wajen kyan ruwa, ga matsirgar Khlong Chao, ga ƙauyukan masunta na Ao Salat da Ao Yai a kan turaku. Ba don tsadar masauki da wahalar abincin halal ba, da shi zan sa a gaba ga ango da amarya.

Lokacin zuwa kusan ɗaya ne ga wuraren biyu, daga Nuwamba zuwa Afrilu, lokacin da teku yake kwance. Daga Mayu zuwa Oktoba damina ce, kuma a nan bambanci yake fitowa. A Trang jiragen da ke haɗa tsibirai kan daina aiki, masaukai da yawa a Kradan da Ngai kan rufe, hukumar gandu kan rufe kogon Morakot na wasu watanni, ko da yake Muk da Libong suna nan da mutanensu da kwalekwalensu na yau da kullum. A Trat ruwan sama ya fi yawa, lardin yana cikin wuraren da suka fi samun ruwa a ƙasar, amma jirgin fiton Ko Chang yana aiki duk shekara kuma farashin ɗakuna kan faɗi ƙwarai. Abin tsoro a wannan lokaci shi ne igiyar ruwa mai jan mutum ciki a gaɓar yamma ta Ko Chang, wadda ta ci rayuka, don haka idan aka kafa jar tuta kada a shiga ko da ruwan iya gwiwa ne. Ƙarshen Disamba da kwanakin bikin Songkran, wato sabuwar shekarar gargajiya ta Tailan, 13 zuwa 15 ga Afrilu, ɗakuna da tikiti kan yi wuya a ko'ina.

Ta fuskar tsaro, wasu kan ji an ce kudancin Tailan sai su tuna da rikicin Pattani da Yala da Narathiwat, amma Trang ba ya cikin waɗannan larduna, yana wani gefen teku daban. Trat kuwa yana da nasa abin lura, domin a 2025 an yi faɗa tsakanin sojojin Tailan da na Kambodiya a kan iyaka, an rufe mashigai, kuma lamarin ya taɓa sassan lardin da ke tudu. Mai niyyar zuwa ya bi labarai a makon tafiyarsa, kada kuma ya tsara cewa zai tsallaka Kambodiya ta Hat Lek sai ya tabbatar a buɗe take. Ta fuskar lafiya kuma Ko Chang ya fi, domin a Muk da Libong ƙaramin ɗakin shan magani ne kawai, babbar matsala sai an tsallaka da mutum zuwa Trang. Mai hawan jini ko ciwon suga da zai tafi can ya riƙe maganinsa isasshe a jakar hannu.

Kuɗi ba ya raba gardama sosai. Garuruwan biyu suna da arha idan aka kwatanta da Fuket, tsada tana farawa ne daga bakin ruwa. A Trang abin da ke cin kuɗi shi ne shatar kwalekwale, wadda ke da sauƙi idan mutum huɗu ko shida suka haɗa, take da nauyi ga mutum ɗaya. Akwai kuma kuɗin shiga gandu, wanda baƙo yake biyan ninkin na ɗan ƙasa sau da yawa, a Trang da Trat duka. A ciri tsabar baht, wato kuɗin ƙasar, isasshe tun daga gari, domin na'urar cirar kuɗi ba ta da yawa a ƙananan tsibirai, kuma kowane cira da katin waje yana da caji sama da baht 200. Takardu kuwa iri ɗaya ne: mai fasfon Najeriya sai ya sami biza tun daga gida, ana neman takardar wankewa daga hukumar NDLEA, da katin rigakafin shawara wanda ake dubawa a filin jirgi kafin a buga hatimi, sannan tun daga Mayun 2025 kowane baƙo yana cike katin shigowa ta intanet kafin ya sauka.

Wanda yake tare da mahaifiya ko ƙananan yara, ko kwanakinsa ba su wuce huɗu ba, ko tafiyarsa ta faɗo cikin damina, ya tafi Trat, ya tsaya Ban Nam Chiao ya ci abinci ya yi guzuri, ya tsallaka Ko Chang ya sauka nesa da mashaya, idan aljihu da lokaci sun yarda ya ƙarasa Ko Kut. Wanda kuwa yake da mako guda tsakanin Disamba da Maris, yake son ya ji kiran salla daga ɗakinsa ya kuma ci abinci hankali kwance, ya kama jirgin ƙasa na yamma zuwa Trang, ya kwana ɗaya ya ga Kantang, ya yi uku a Ko Muk yana zuwa kogo da Kradan daga can, ya ƙare da biyu a Libong. Daga Muk zuwa Libong ana iya shatar kwalekwale kai tsaye maimakon komawa tudu, a yi ciniki tun daren jiya, a kuma tashi da safe kafin iska ta taso. A bar kwana ɗaya cur a Bankok kafin jirgin komawa gida, domin idan teku ya ƙi, mai kwalekwale ba zai fita ba ko nawa aka ba shi.